Tijjani Mai Safa da Tafiyar Aswan

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Faisal ta birnin Alƙahira a shekarun nan, da wuya a ce bai san teburin Tijjani Mai Safa ba. Yana bakin wani lungu, tsakanin mai matse rake da mai gyaran waya, daidai inda ƙananan motocin haya ke zubar da mutane su kwashi wasu. Mai teburin dogo ne baƙi, mai faɗin kafaɗa, da furfura jefi-jefi a gemu. Yana da wata ɗabi'a da ke ba baƙo mamaki: kafin ya dubi fuskarka sai ya dubi ƙafarka.

Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai-Wurno. Kakanninsa Kabawa ne masunta da suka taso da niyyar Hajji, suka iso bakin kogi suka ga ruwa da kifi, suka ce bari su huta shekara guda. Hutun ke nan har jikoki. Tijjani ya buɗe ido da koma a hannu, ya yi shekara talatin yana shiga ruwa tun kafin rana ta fito, sanyi ko zafi. A shekarar 2006 ya kawo matarsa Mahasin Alƙahira neman maganin ciwon ƙoda. Wata bakwai suna zirga-zirgar asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Da ya binne ta sai ya ji ƙafarsa ta yi nauyin komawa gida. Yayarsa Awadiyya, wadda mijinta ya rasu 'ya'yanta kuma duk sun yi aure, ta biyo shi don kada kaɗaici ya kashe shi. Suka kama ɗaki biyu a hawa na huɗu, shi ya kafa teburin safa, ita tana saƙa huluna da rigunan jarirai.

Ba kamar sauran masu talla yake sayar da safa ba. Sai ya tambaye ka sana'arka. In mai gashin burodi ne kai, da wadda zai ba ka. In mai gadi ne da ke kwana a tsaye, da wata daban. Yakan ce wanda ya shekara talatin cikin ruwa ya san ƙafa fiye da likita, don ya ga faso, ya ga ruɓewar tsakanin yatsu, ya ga ƙato ya zauna yana kuka saboda bororo guda a diddige.

Haɗuwarsa da Lawali ta faru ne a ƙarshen watan Janairu na 2011, kwanakin da gari ya hargitse, aka sa dokar hana fita tun da la'asar. Tijjani na naɗe teburinsa da sauri sai ya ji wani na magana da Hausa a waya. Ya waiwaya ya ga saurayi zaune a bakin titi, jikinsa na ɓari saboda zazzaɓi. Lawali ne, mutumin Gusau, ya zo karatu tallafinsa ya yanke, abokan ɗakinsa duk sun gudu gida, mai gidan kuma ya rufe ƙofa da kwado.

"Ya zol, bawan Allah, tashi," in ji Tijjani. "Nan ba wurin zama ba ne yau."

"Ba ni da inda zan je, Baba."

"Yanzu ka samu. Yalla, mu je."

A kafaɗa ya hau da shi bene. Awadiyya ta dama masa kunu, ta dafa masa ganye, ta yi jinyarsa kwana tara. Da ya warke bai tafi ba, kuma ba wanda ya ce ya tafi. Ya koma kiran Tijjani Kawu, Awadiyya kuma Inna. Wata rana wata maƙwabciya ta ja Awadiyya gefe ta ce mata tsintacciyar mage ba ta mage. Awadiyya ta ce wannan ba mage ba ne, ɗan mutane ne, kuma ta daina gaisawa da matar har mako biyu.

Lawali yaro ne mai kaifin baki, yana jin Turanci, yana da fara'ar da ke buɗe ƙofa. Kafin shekara ta ƙare ya sami aiki a unguwar Ma'adi, a shagon wani Bamisire, Ustaz Magdi, mai sayar wa Turawa tantuna da takalman hawan dutse da kayan kamun kifi. 'Yan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, amma Turawan da ke aiki a kamfanoni da makarantu suna nan, kuma zaman gida ya ishe su. Sai Ustaz Magdi ya yi tunanin riƙa kai su tafkunan Fayyum ranar Juma'a su yi fatsa. Matsalar guda ce, shi da Lawali ba wanda ya san inda kifi ke kwana.

Ran nan Lawali ya dawo gida da wata 'yar ƙugiya a tafin hannunsa, an ɗaure ta da gashin tsuntsu da jan zare.

"Kawu, ka san mene ne wannan?"

Tijjani ya juya ta. "Ɗan kunnen mata?"

"Da ita Turawa suke kama kifi. Ba tana, ba ƙullu, ba komai. Sai su yi ta kaɗa igiya a iska kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero, su sauke ta a kan ruwa a hankali, kifi ya zaci ƙwaro ne ya faɗo."

"To madalla. In sun kama fa?"

"Su ɗauki hoto su sake shi."

Tijjani ya yi dariya har da hawaye. "To me ya fito da su daga gida?"

Amma ya bi su. Kuma ranar da ya tsaya a bakin tafkin, iska ta kawo masa ƙamshin ruwa da ciyawa, sai ya ji wani abu da ya daɗe a kwance ya motsa a ƙirjinsa. Ya dubi inda tsuntsaye ke shawagi, ya dubi launin ruwan, ya nuna da hannu ya ce can. Turawa biyar suka shiga da wandunansu na roba masu haɗe da takalmi, ruwa har gwiwa, suka kama kifin da ba su taɓa zato ba.

Sai dai tun kafin la'asar uku daga cikinsu sun fito suna ɗingishi. Tijjani ya sa suka tuɓe, ya tsuguna yana duba ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Sun yi fari fat sun yamutse, wani ga bororo har biyu. Ya ɗaga wata jiƙaƙƙiyar safa da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Lawali, fassara musu. Ka ce wannan ce ta cuce su. Auduga ce. Auduga in ta sha gumi ba ta saki, sai ta kwanta a jikin fata ta yi sanyi, ta riƙa gurzar mutum har ta sale shi. A cikin roba kuwa ƙafa dole ta yi gumi, ko da ruwan na ƙanƙara ne."

Lawali ya fassara. Turawan suka matso.

"Ka ce musu biyu ake sawa. Siririya mai santsi a ciki, wadda ba ta riƙe ruwa, sannan ta ulu a waje. Ulu ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Kada ɗinki ya hau kan yatsu. Kada bakinta ya shaƙe ƙwauri, jini ya kasa sauka. Ta yi tsawo ta wuce inda takalmi ke goga. Kuma in an sa su, mutum ya motsa yatsunsa a cikin takalmin. In ba su motsa ba, kauri ya yi yawa, sanyin da ake gudu shi za a samu. Da azahar kowa ya fito, ya shanya ƙafa, ya sake sabuwa."

Da suka dawo gari Tijjani ya zaga kasuwa bai sami ta ulu da ta kwanta masa ba. Wadda aka rubuta ulu a jikinta, in ya ja zare ya kusanta da ashana sai ya narke ya dunƙule kamar leda. Sai Awadiyya ta ce a kawo mata zaren gaske. Ta zauna bakin taga da tabaronta, ta saƙa ta kwance, ta sake saƙawa, har ta gano yadda za ta rufe wajen yatsu ba tare da ƙulli ba, ta ninka diddige. Safar ba ta da kyan gani, launin toka ce da ruwan ƙasa, amma wanda ya sa ta sau ɗaya ba ya son wata. Kowace Juma'a Tijjani na zuwa da jakarsa ya raba, da yamma ya tattara, Awadiyya ta wanke da ruwan sanyi ta shimfiɗa a inuwa.

Cikin Turawan akwai wani tsoho, Mista Hendrik, injiniyan ruwa, mai ciwon sukari. Ciwon ya kashe masa jin ƙafa, ko ƙaya ya taka ba ya sani. Tijjani ya gane haka tun ranar farko, ya ɗauki ƙafar tsohon ta zama amanarsa. Shi yake sa masa safa da hannunsa, ya shafe kowane lanƙwasa. Da azahar ya zaunar da shi a kan dutse ya duba tsakanin yatsu. Tsohon na jin Larabci kaɗan-kaɗan, da shi suke hira, rabi da baki rabi da hannu. Shi ya koya wa Tijjani kaɗa igiya, Tijjani kuma ya koya masa karanta ruwa. Tsohon yakan ce wa sababbin zuwa, "Abin da Tijjani ya ce ku sa, ku sa, kada ku tambaya."

Shekara biyu aka yi haka, kuma Tijjani yakan ce bayan rasuwar Mahasin bai ga kwanaki masu daɗin waɗannan ba. Bai ɓoye wa Lawali komai ba. Ya nuna masa inda karfasa ke taruwa in iska ta juya, ya nuna masa yadda ake gane ƙasa mai cin ƙafa. A 2013 da Lawali ya nemi auren Ummi, ƙanwar wani ɗalibi Bakano, Tijjani ne ya zauna a matsayin ubansa ya karɓa masa aure. Awadiyya ta raka amarya ɗakinta, lungu uku daga nasu.

A farkon 2014 Ustaz Magdi ya shirya babbar tafiya: kwana shida a tafkin Nasir, kudu da Aswan, inda giwan ruwa ke kai girman mutum, tsage kuma ke yanke igiya da haƙori. Can ba a shiga ruwa da nisa saboda kada, amma wuni ake yi ana tafiya kan duwatsu masu kaifi, ana taka bakin ruwa ana fita, ƙafa ba ta bushewa. Tijjani ya kasa zama don murna. Rabonsa da giwan ruwa tun yana gida. Tafiyar na bukatar takardar izini, sai Lawali ya karɓi fasfo ɗinsa ya ce shi zai kai tare da na kowa.

Awadiyya ta yi sati biyar tana saƙa. Mutum shida, kowa ƙafa huɗu. Na Mista Hendrik ta yi su da zare mafi laushi, Tijjani ya juya kowace ya bi cikinta da leɓensa, don leɓe ya fi yatsa jin ƙulli.

Saura kwana uku Lawali ya zo da fuska a ɓace, ya miƙa masa fasfo.

"Kawu, ma'alish, ka yi haƙuri. Sun hana. Wai iƙamarka, takardar zamanka, ta kusa ƙarewa."

Tijjani ya karɓi fasfon. Can ya ce, "Allah bai nufa ba." Ya shiga ɗaki ya fito da baƙar jaka, ya buɗe ta a gaban Lawali. "Ga su nan, kowa da sunansa a takarda. Waɗannan na tsoho ne. Ka ji ni da kyau. Kullum da azahar ka zaunar da shi ka duba ƙafarsa da idonka. Kada ka tambaye shi, zai ce lafiya lau, don ba ya ji. In ka ga ja ko kaɗan, ranar ya zauna a jirgin ruwa."

"In sha Allahu, Kawu. Kamar kana wurin."

Kwana shida aka ce, a na biyar suka dawo. Lawali bai zo gidan ba, wayarsa a kashe. Kashegari Ustaz Magdi ya kira Tijjani ya ce ya zo Ma'adi yanzu. Ya same shi tsaye a bayan kanta, Lawali na can ciki yana jera kwalaye, bai juyo ba. Ustaz Magdi ya jefo wata farar safa a kan kantar, ta auduga, irin ta cikin leda mai rubutun Turanci, da busasshen jini a wajen yatsu.

"Mista Hendrik na asibiti," in ji shi. "Kwana uku yana tafiya a kan gyambo bai sani ba. Likita ya ce sai an cire yatsu biyu. Wannan ka ba shi?"

"Ni? Ban taɓa ganin wannan safar ba."

"Lawali ya ce a ƙulle ka ba shi jakar, bai buɗe ba sai a cikin jirgi. Ya ce ka gaya masa su suka dace da zafin kudu. Tsohon ma da ya ga auduga ce ya yi tambaya, da aka ce kai ka zaɓa sai ya sa."

Tijjani ya dubi inda Lawali yake. Ya ɗaga murya ya yi Hausa. "Lawali. Juyo ka dube ni."

Lawali ya juyo, amma idonsa na kan kwalin da ke hannunsa. Da Larabci ya amsa, don mai shagon ya ji. "Kawu, ni abin da ka ba ni na kai. Wataƙila jakunkunan ne suka rikice maka da na tebur."

Larabcin nan ya fi maganar kanta yi wa Tijjani ciwo. Shi ba mai dogon zance ba ne, Larabcin Masar ma bai zauna a bakinsa kamar na Lawali ba. Ya yi rantsuwa sau ɗaya, Ustaz Magdi ya ɗaga hannu ya ce khalas, zance ya ƙare, albarkacin shekara biyu ba zai kira 'yan sanda ba, amma kada ya sake ganinsa a shagon. Tijjani ya je asibitin, matar tsohon ta tare shi a bakin ƙofa, ta faɗi wasu kalmomi da bai fahimta ba, amma ya fahimci yatsan da ta nuna masa hanya da shi.

Abin da ya fi damunsa a watannin da suka biyo baya shi ne ya fara zargin kansa. Ya san sarai ya buɗe jakar a gaban yaron, amma zuciya ta ƙi yarda cewa Lawali zai yi ƙarya irin wannan. Sai ya riƙa cewa ko an musanya jakar a tashar jirgin ƙasa, yaro ya tsorata ya rasa abin faɗa. Awadiyya ta ce, "Tijjani, ka daina nema masa mafaka." Ya ce, "Yaya, ɗanmu ne." Labari kuwa ya zaga Faisal. A masallaci ana gaishe shi, amma ya lura wasu sun koma sayen safa a wani teburin. Lawali ya zama shi ne jagoran Fayyum, ya sayi sabuwar waya, ya daina bin lungunsu.

Cikin watan azumi, da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ummi ce, da tsohon ciki, tana haki saboda hawan bene, riƙe da baƙar jaka.

"Inna, sannu da gida. Kwana biyu ban leƙo ba, shi ne maigida ya ce kuna fama da baƙi. Ina gyaran ɗaki saboda haihuwa na ciro wannan a saman kabad. Na ce kayan Inna ne, kada asu ya cinye."

Awadiyya ta karɓa ta zuge. Suna nan yadda aka jera su, kowane ƙulli da takardarsa. Tijjani, wanda bai riga ya fita tebur ba, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa.

"Ummi," in ji Awadiyya a hankali, "tun yaushe take wurinku?"

"Tun tafiyar Aswan mana. Ya ce wai manyan baƙi ne wannan karon, ba zai raba musu kayan ƙauye a ji kunya ba, ya sayo na kanti masu kyau." Ta yi 'yar dariya. "Na ce masa ai da ka mayar wa Kawu tunda shi ya ce ba zai iya tafiyar ba saboda ciwon baya."

"Ciwon baya," in ji Tijjani.

"Eh. Ya jikin, Kawu? Shi ya sa ma bai kai fasfo ɗinka ba, yana cikin durowa har..." Sai ta ga fuskokinsu. Ta dubi wannan ta dubi wancan. "Inna, wani abu na faɗa?"

Awadiyya ta kama hannunta ta zaunar da ita. "Ba ki faɗi komai ba sai alheri, 'yata. Huta kafin ki sauka."

Tijjani ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado. Bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, har ya ji kiran azahar.

Kashegari ya ɗauki jakar ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Ma'adi. Ya zazzage ta a kan kantar Ustaz Magdi ya faɗi abin da ya faru. Mutumin ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce wallahi abin bai yi daɗi ba. Sannan ya ce amma wata biyar sun wuce, baƙi sun saba da Lawali, shi ke amsa musu saƙo da Turanci, tone-tone ba zai amfani kowa ba. Ma'alish. In Hajiya Awadiyya za ta ci gaba da saƙa, shi zai saya.

"Ba wannan ya kawo ni ba," in ji Tijjani. "Tsohon nake so ya sani."

"Ya koma ƙasarsu tun watan huɗu. Ba zai dawo ba."

"Lambarsa fa?"

Ustaz Magdi ya ce zai duba. Tijjani ya koma sau biyu, kullum zai duba. A na uku ya gane ba za a taɓa dubawa ba, don in tsohon ya ji gaskiya shagon ne zai shiga uku.

Lawali kuwa a bakin masallaci ya tare Tijjani bayan sallar Juma'a, ya ja shi inuwar wani bango. Yaron ya rame, idonsa ya faɗa.

"Kawu, Ummi ta gaya mini. Wallahi ban yi nufin cutar da kowa ba. So na yi sau ɗaya a ga ni ma na iya, ba kullum ina bayanka ina fassara ba. Da ƙafar ta lalace sai na ruɗe. Ga mata da ciki. In aka kore ni ina zan nufa? Kai ko ba komai kana da tebur."

"Ka duba ƙafarsa da azahar?"

Lawali ya sunkuyar da kai. "Na tambaye shi, ya ce lafiya lau."

"Na ce maka kada ka tambaye shi." Muryar Tijjani ta yi ƙasa. "Fasfo ɗina da ka ɓoye, na bar ka da Allah. Aikin da ka raba ni da shi, dama ba da shi na zo Masar ba. Amma mutumin nan ya ga auduga ya yi shakka, ka kira sunana ya sa ƙafarsa a ciki. Yau yana can ƙasarsu, duk safiyar da zai sa takalmi ya ga gurbin yatsunsa, ni zai tuna. Za ka rubuta masa ka faɗi gaskiya?"

"Kawu, in na rubuta, ƙara za su kai."

"To shi ke nan," in ji Tijjani, ya saɓa dardumarsa ya wuce.

Bayan sallah da sati uku Ummi ta haifi namiji. Ranar suna dattawa biyu daga cikin Hausawan unguwa suka hau bene suka sami Tijjani, suka ce albishirinka, an yi maka takwara, Lawali ya sa wa yaro Tijjani. Suka ce wannan ban haƙuri ne da ya fi na baki, ya taso a je a ci abinci a rufe magana. Ya ba su wurin zama, ya kawo musu shayi, ya yi wa jaririn addu'a mai tsawo. Sannan ya ce suna ba nasa ba ne shi kaɗai, kowa na iya ɗauka, amma shi ba zai je ba. Suka kawo aya, suka kawo hadisi. Ya ce duk ya ji, kuma ba ya yi wa yaron mugun fata, amma yafiya ana yin ta ne a kan laifin da aka daina, wannan kuwa kullum garin Allah ya waye ana cikin yin sa. Dattawan suka sauka ba su ji daɗi ba, har ɗaya ya riƙa faɗa a gari cewa mutumin Sudan ɗin nan zuciyarsa dutse ce.

Awadiyya ta je, saboda Ummi. Ta kai rigar jariri da hula, ta ɗauki yaron ta yi masa wasa, ta fito ba ta ci komai ba. Daga ranar ba ta sake saƙa safar manya ba. Waɗanda ke cikin jakar, da sanyi ya shigo Tijjani ya raba wa masu sharar titi da wani tsoho mai gadin bene.

A 2015 tafiye-tafiyen Fayyum suka mutu da kansu, baƙi suka ragu, Ustaz Magdi ya mayar da shagon na sayar da kekuna. Lawali ya koma aiki a wani ofishin fassara a unguwar Dokki. Kowace safiya a bakin lungun Tijjani yake tsayawa jiran mota, don nan ce tasha, ba wata. Yakan ce, "Salamu alaikum, Kawu." Tijjani yakan amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu, don amsa sallama wajibi ce. Daga nan sai ya ci gaba da jera kayansa har motar ta zo.